Musayar tsofaffin motoci

Musayar tsofaffin motoci nau'in ciniki ne da mutum biyu ke yi, kowannensu ya ba ɗayan motarsa ya karɓi tasa, galibi tare da ƙarin kuɗi daga wanda motarsa ta gaza a daraja. Wannan ƙarin kuɗi shi ake kira ciko. Masu irin wannan ciniki sun kasu gida biyu. Akwai masu neman motar aiki, irin su direbobin haya da manoma da 'yan kasuwa a ƙasar Hausa, akwai kuma masu tara motocin tarihi don sha'awa, waɗanda suka fi yawa a Amurka da Turai.

A kudancin Jihar Kano, musamman ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, musaya hanya ce da mai mota ke bi ya sauya abin neman abincinsa ba tare da ya tara kuɗin wata motar gaba ɗaya ba. A Amurka kuwa, kasuwar da ta fi suna ita ce ta motoci masu ƙarfin inji da aka ƙera tsakanin 1964 da farkon shekarun 1970. Matakan cinikin sun yi kama da juna a wuraren biyu, amma ma'aunin daraja ya bambanta. Mai motar aiki yana duba abin da motar za ta iya yi masa nan gaba, shi kuma mai tarawa yana duba ko tana nan yadda ta fito daga masana'anta. Saboda haka gyaran da ke ɗaga kuɗin mota a Tudun Wada yana iya karya kuɗinta a wajen gwanjon motocin tarihi.

## Kalmomin cinikin

Yawancin kalmomin da ake amfani da su a cinikin mota sun girmi motar kanta, domin daga kasuwar dabbobi da ta tufafi aka gado su. *Musaya* ita ce ba da abu a karɓi wani. Tsohuwar kalmar *furfure* ma tana nufin haka, kuma a maganar yau da kullum akan kira cinikin da babu kuɗi a cikinsa *ba ni gishiri in ba ka manda*. *Dillali* shi ne mai shiga tsakani, ladansa kuma *la'ada*. Mai saye yana *tayawa*. Idan tayin bai yi wa mai kaya ba sai ya ce *albarka*, idan ya yi masa kuma sai ya *sallama*, a nan ake cewa ciniki ya faɗa. Kuɗin da ake fara bayarwa don a riƙe ciniki kafin a kammala biya shi ne *kafin alƙalami*.

Sunayen motoci da na sassansu kuwa yawancinsu aro ne da aka daidaita da tsarin sautin Hausa. Harshen ba ya son cunkoson baƙaƙe, kuma kalmominsa sun fi ƙarewa da wasali, shi ya sa Peugeot ta zama *Fijo*, Mercedes ta zama *Marsandi*, Bedford ta zama *Bilhodi*, Land Rover kuma *Landiroba*. Haka aka samu *lagireto* da *salansa* da *kuloci* da *sitiyari*. Wasu sunayen kuma ƙirƙirar Hausawa ce, kamar *akori-kura* ga ƙaramar motar kaya mai buɗaɗɗen baya, da *gingimari* ga babbar motar ɗaukar kaya. Motar da aka yi amfani da ita a ƙasar waje sannan aka shigo da ita ana ce mata *'yar Kwatano*, ko kuma *tokumbo*, kalmar da aka aro daga Yarabanci.

## Asalin tsofaffin motocin Arewa

A zamanin mulkin mallaka, motocin Ingila ne suka fi yawa a Najeriya, kuma ana tuƙi ne a hannun hagu na titi. Ranar 2 ga Afrilu 1972 ƙasar ta koma tuƙi a hannun dama, kamar maƙwabtanta masu magana da Faransanci. Wannan ya dace da motocin Faransa da Jamus da Amurka, masu sitiyari a hagu.

A shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta haɗa gwiwa da kamfanonin waje aka kafa masana'antun haɗa motoci: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, Mercedes-Benz a Enugu, da manyan motocin Fiat a Kano. Wadda ta fi tasiri a Arewa ita ce ta Peugeot da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975. Daga nan ne Fijo 404 da 504, daga baya kuma 505, suka cika titunan Arewa.

An fara nuna Fijo 504 a birnin Paris a 1968, kuma ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969. Tana da tsayi daga ƙasa, ƙafafunta suna jure gargada, injinta kuma mai sauƙin kwancewa ne. Ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975. An daina ƙera ƙaramar 504 a Turai a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. A lokacin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, Fijo ce motar da aka tsayar wa manyan jami'an gwamnati, kuma idan ma'aikatu suka yi gwanjon tsofaffin motocinsu sai su faɗa hannun 'yan kasuwa da direbobin haya.

Bayan faɗuwar darajar naira daga 1986, sabuwar mota ta gagari yawancin ma'aikata. Kasuwa ta koma ga motocin da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, waɗanda da yawansu kan bi ta Jamhuriyar Nijar, ta Gaya da Dosso da Birnin Konni da Maraɗi, su shigo ta iyakokin Sakkwato da Katsina. Gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairu 2017. Duk lokacin da shigo da mota ya yi wuya, motocin da ke cikin gida sukan ƙara daraja, kuma sukan ƙara yawan sauya hannu.

## Musaya a kudancin Kano

Yanayin ƙasa yana da hannu a irin motar da ake nema a wannan yanki. Babban titin Kano zuwa Zariya ya ratsa ta ɓangaren Bebeji da Kiru. A Kwanar Dangora, cikin ƙaramar hukumar Kiru, hanya ta rabu ta nufi Tudun Wada, ta keta dajin Falgore, ta bi ta Doguwa zuwa Saminaka da Jos. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, tana cikin Bebeji, kuma ita ke ba da ruwan noman rani a filayen Kadawa. Tudun Wada ta yi suna a noman shinkafa da cinikinta. Riruwai, hedikwatar Doguwa, gari ne na duwatsu da aka daɗe ana haƙar kuza a cikinsa. Yankin ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, ga yawan amfanin gona, ga hanyoyin ƙauye da ke lalacewa da damina.

A irin wannan wuri mota kayan aiki ce kamar galma ko injin ban ruwa. Abin da ake tambaya a kanta shi ne buhu nawa take ɗauka, ko tana hawa tudu da lodi, nawa take shan mai, kuma ko bakaniken garin ya san ta. Wannan ne ya sa akori-kurar Fijo ta daɗe tana aiki a hanyoyin kasuwannin ƙauye bayan an daina ganinta a cikin birni, kafin motoci irin su Golf da J5 da Kanta su karɓi yawancin aikin.

Dalilan musaya sukan taso daga sauyin sana'a ko na hali. Direban da ke jigilar fasinja a kan kwalta yana iya son komawa dakon hatsi, sai ya nemi mai motar kaya da ke son ƙaramar mota. Wanda bashi ya taso masa yakan ba da motarsa mai tsada ya karɓi wadda ba ta kai ta ba, ya riƙe cikon ya biya buƙatarsa, kuma bai rasa abin hawa ba. Wani kuma gyara ne ya ishe shi. Cinikin ya fi motsi da kaka, lokacin da manoma suka sayar da amfanin gona kuma aikin dako ya yawaita. Tasha da garejin makanikai da bakin kasuwa su ne wuraren da labarin mota ke yawo, yanzu kuma an ƙara da hotuna ta WhatsApp da Facebook. Kayan gyara galibi daga birnin Kano ake sayo su, musamman kasuwar Ƙofar Ruwa, ko daga Panteka a Kaduna.

## Yadda ake yin musaya

Ko a Kano ko a wata ƙasa, musaya takan bi waɗannan matakai:

1. Haɗa masu motoci. Dillali ne yawanci ke sanin wanda ke son rabuwa da motarsa da irin wadda yake nema. Wani lokaci kowane ɓangare yana da nasa dillalin.
2. Dubawa. Kowa yakan zo da bakanikensa. An fi son a tayar da inji da sanyin safiya, domin injin da ya ɗumama yana ɓoye wahalar tashi. Ana duba launin hayaƙin salansa: shuɗi alama ce ta ƙona baƙin mai, fari mai kauri kuma yana nuna ruwa na shiga inji. Ana leƙa ƙarƙashin mota don ganin tsatsa da wurin da aka yi walda a shasi, a ƙwanƙwasa bodi don gane inda aka cike da fila, sannan a zagaya da ita a ji giya da birki.
3. Yi wa kowace mota kuɗi. Ana kimanta kowace mota ita kaɗai, kamar za a sayar da ita da tsabar kuɗi.
4. Fitar da ciko. Bambancin kimar biyu shi ne ciko. Misali, idan an yi wa ɗaya naira miliyan 3, ɗayar kuma miliyan 2 da dubu 200, mai ta biyu zai cika dubu 800.
5. Duba takardu. Ana gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke rubuce a takardar kwastam da shaidar mallaka da lasisin mota.
6. Rubuta yarjejeniya. Ana rubuta sunayen masu ciniki da lambobin motocin da adadin ciko da lokacin biyansa, shaidu su sa hannu, a miƙa makullai, a biya la'ada. Bayan haka ya rage wa kowa ya je ofishin lasisi ya sauya sunan mai mota.

Mataki na uku shi ne inda aka fi yin asara. Wanda ya zuba ido a kan ciko kawai yana iya murna an ba shi kuɗi a hannu, alhali an rage kimar motarsa an kuma ƙara wa wadda aka ba shi. Dillalan da ke da wurin sayar da motoci sukan karɓi tsohuwar mota a ƙasa da kuɗinta na kasuwa, domin sai sun gyara ta sun kuma jira mai saye.

## Motocin Amurka masu ƙwanji

Amurkawa suna kiran wani rukunin motocinsu *muscle car*, ma'ana mota mai ƙwanji. Mota ce matsakaiciya mai ƙofa biyu, wadda ƙafafun baya ke turawa, aka sa mata babban inji mai silinda takwas, aka kuma sayar da ita a farashin da matashi mai aiki zai iya biya. Wasu marubuta suna kai asalinta ga Oldsmobile Rocket 88 ta 1949, amma an fi ɗaukar Pontiac GTO ta 1964 a matsayin mafarin zamaninta. A lokacin, kamfanin General Motors yana da ƙa'idar da ta hana sa wa matsakaiciyar mota injin da ya wuce kimanin lita 5.4. John DeLorean da abokan aikinsa a Pontiac suka zagaye ƙa'idar ta hanyar sayar da inji mai lita 6.4 a matsayin ƙarin zaɓi a kan motar Tempest LeMans. An sayar da fiye da 32,000 a shekarar farko.

Sauran kamfanonin Detroit suka bi sahu. Dodge ta fito da Charger a 1966, Plymouth ta fito da Road Runner a 1968, Chevrolet kuma ta sa wa Chevelle SS ta 1970 inji mai lita 7.4 da aka ce yana da ƙarfin doki 450. Injin Hemi na Chrysler mai lita 7, wanda aka sayar a motocin titi daga 1966 zuwa 1971, yana da ƙarfin doki 425 a rubuce. Ford Mustang, wadda aka fara nunawa ranar 17 ga Afrilu 1964, da Chevrolet Camaro ƙanana ne a jiki, amma ana lissafa masu manyan injuna daga cikinsu a wannan rukuni.

Zamanin bai yi tsawo ba. Kamfanonin inshora sun tsauwala kuɗi a kan matasa masu irin waɗannan motoci, dokar tsabtace iska ta 1970 ta tilasta rage ƙarfin injuna, sannan takunkumin man fetur da ƙasashen Larabawa suka sa a 1973 ya sa mutane suka guji mota mai shan mai. Da yawa daga cikinsu sun ƙare a haɗari ko a wajen 'yan gwangwan. Daga shekarun 1980, waɗanda suka yi ƙuruciya da su suka sami abin hannu suka fara neman ragowar, daga nan kasuwar masu tarawa ta kafu. Shi kansa sunan Pontiac an daina ƙera mota da shi a 2010.

### Wuraren ciniki

Masu tarawa suna haɗuwa a manyan tarukan musayar motoci da kayan gyara, kamar wanda ake yi kowane Oktoba a garin Hershey na jihar Pennsylvania, da na Carlisle a wannan jiha. Mujallar Hemmings Motor News, wadda aka kafa a 1954, ta daɗe tana buga tallan masu sayarwa da masu neman musaya. Akwai kuma kamfanonin gwanjo, manyansu su ne Barrett-Jackson, mai taro kowane Janairu a Scottsdale ta jihar Arizona, da Mecum, mai babban taro a Kissimmee ta jihar Florida. Farashin da aka samu a gwanjo shi ne madubin da masu musaya ke dubawa wajen kimanta motocinsu. Kamfanin inshora na Hagerty yana fitar da jadawalin farashi da ya kasa motoci mataki huɗu, daga wadda ta isa shiga gasar nuni zuwa wadda ake hawa amma tana da aibobi a fili.

Masu tarawa sukan zaɓi musaya saboda ta rage musu kuɗin da kamfanin gwanjo ke cira daga mai saye da mai sayarwa, kuma wani mai motar ba ya rabuwa da tasa don kuɗi sai don wata motar da ya daɗe yana nema. Kafin 2018, dokar harajin Amurka ta ba wanda ya riƙe mota a matsayin jari damar jinkirta harajin riba idan ya musanya ta da irinta. Dokar da aka zartar a Disamba 2017 ta taƙaita wannan sauƙi ga gidaje da filaye kaɗai.

### Tabbatar da asali

A wannan kasuwa, abin da ya fi komai nauyi shi ne hujjar cewa motar ita ce abin da aka ce. Daga ƙarshen shekarun 1960 masana'antu suna buga wani ɓangare na lambar mota a jikin inji da akwatin giya. Idan lambobin sun dace, an tabbatar injin da ta fito da shi ne, kuma kuɗinta yakan fi na irinta da aka sauya wa inji nesa ba kusa ba. Ana kuma neman takardar haɗi, wadda ma'aikatan masana'anta kan bari a ƙarƙashin kujera ko shimfiɗar ƙasa ko a saman tankin mai, mai ɗauke da jerin duk abin da aka sa wa motar. Ga motocin Ford daga 1967 akwai rahoton Marti, ga na Pontiac kuma akwai kwafin takardun masana'anta da ake samu daga PHS.

Buƙatar waɗannan hujjoji ta taso ne saboda sauƙin kwaikwayo. Jikin GTO ta 1964 da ta 1965 ɗaya ne da na LeMans, kuma lambar motar ba ta bambanta su. Sai daga 1966 GTO ta sami lambarta mai farawa da 242. Haka Chevelle SS ta 1970 ba a gane ta daga lambar mota kaɗai. Mai wayo yana iya sayen mota mai araha ya sa mata babban inji da tambari, ya kai ta kasuwa da sunan ta asali. Sayar da irin wannan mota halal ne a doka idan an faɗi gaskiyarta, zamba ce idan an ɓoye.

Ƙarancin mota da tarihin wanda ya mallake ta su ma suna ɗaga farashi. Plymouth Hemi 'Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi, wadda ba a ƙera fiye da 12 irinta ba, an sayar da ɗaya a gwanjon Mecum a 2014 kan dala miliyan 3.5. Mustang ta 1968 da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt ta kai dala miliyan 3.74 a Janairu 2020, duk da tsatsa da ƙujewar fentin da ke jikinta.

## Bambancin ma'aunin daraja

Tsohuwar akori-kurar da ta shekara 30 tana dako a hanyar Doguwa da wuya a same ta da injinta na asali. An sauya shi, wataƙila fiye da sau ɗaya, an ƙara mata sifirin don ta ɗauki lodi, an yi wa bayanta walda, an sake fenti. A idon direba duk wannan ƙarin daraja ne, kuma mai motar zai lissafa su ɗaya bayan ɗaya wajen neman ciko. A idon mai tarawa kuwa kowane ɗaya ragi ne. Abin da yake nema shi ne motar da aka ajiye a gareji aka manta da ita, ko da ba ta tashi, muddin fentinta da kujerunta da takardunta na farko suna nan. Akwai rukunin masu sha'awa a Amurka da ke sa wa tsohon bodi inji da birki na zamani, amma kasuwarsu dabam ce, kuma ingancin aikin ake biya a can.

Ƙungiyar FIVA ta masu adana tsofaffin motoci ta duniya tana ɗaukar mota a matsayin ta tarihi idan ta kai shekara 30, tana cikin yanayinta na asali, kuma ba da ita ake zirga-zirgar yau da kullum ba. Fijo da yawa a Arewa sun cika sharaɗin farko, kaɗan ne suka cika sauran biyun. Ita ma 504 tana da masu tara ta a Turai, musamman mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen rufi da suka fito a 1969. A 2011 an yi gwanjon 504 ta 1977 mallakar shugaban Iran na lokacin, Mahmoud Ahmadinejad, kan kimanin dala miliyan 2.5 don aikin gina gidaje ga mabuƙata.

A Najeriya ma akwai motocin da ake adanawa don tarihinsu. Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas, da ramukan harsasai a jikinta. Fadar Kano ta daɗe da tsohuwar Rolls-Royce da aka san Sarki Ado Bayero da ita. Irin waɗannan motoci ba sa shiga kasuwa.

## Matsaloli

Babban haɗarin musaya shi ne karɓar motar sata. Ɓarayi sukan goge lambar shasi su buga wata, ko su yanko ɓangaren da ke ɗauke da lamba daga motar da ta yi haɗari su liƙa. Wanda aka kama motar a hannunsa yana iya rasa ta, ya rasa wadda ya bayar, ya kuma fuskanci tuhumar karɓar kayan sata. Motar da ba a biya mata kuɗin kwastam ba, ko aka yi mata takardar jabu, jami'an kwastam suna iya ƙwace ta a hanya ko da ta sauya hannu sau da yawa.

Akwai kuma ɓoye aibi, kamar zuba baƙin mai mai kauri don a rufe hayaƙi da ƙarar inji, ko mayar da agogon tafiya baya. Rikici yakan taso idan motar ta gado ce da ba a raba ba, ko ta haɗin gwiwa ce, ko an jinginar da ita. Rashin sauya suna a takardu yana barin tsohon mai mota cikin alhakin abin da aka aikata da ita daga baya. Cikon da aka bari bashi ba tare da rubutu ba shi ma yana yawan kai mutane gaban mai unguwa ko alƙali.

## Hukunci a fiƙihu

Malaman Musulunci suna ɗaukar musaya a matsayin ciniki, don haka sharuɗɗan ciniki sun hau kanta: yardar ɓangarorin biyu, mallakar abin da ake bayarwa, da sanin kaya da adadin kuɗi. Mota ba ta cikin kayan da ake sharɗanta daidaito wajen musanya su, irin su zinariya da azurfa da abinci, saboda haka ba da mota a karɓi mota tare da ciko ya halatta idan hannu da hannu ne. Malaman Malikiyya sun fi tsaurarawa idan kayan jinsi ɗaya ne masu amfani iri ɗaya kuma aka jinkirta miƙa ɗayansu tare da ƙari, don gudun kada cinikin ya zama rance mai jawo riba.

Littattafan da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid, sun hana algus da ɓoye aibi. Wanda ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayar da kaya. An kuma hana mutum ya ƙara tayi ba da niyyar saye ba, sai don ya ruɗi wani, dabarar da ake kuka da ita a wuraren gwanjo ko'ina a duniya. Game da kafin alƙalami, mazhabar Malikiyya ba ta yarda mai kaya ya cinye shi idan ciniki ya warware ba, Hambaliyya kuwa ta yarda.

## Halin da ake ciki

Shigo da tsohuwar motar Amurka Najeriya ta hanyar da aka saba yana da wuya, domin jerin kayan da kwastam ta hana shigowa da su ya ƙunshi motocin da suka wuce wasu shekaru da ƙerawa. An taɓa tsayar da iyakar a shekara 15, daga baya aka rage ta zuwa 12. A 2022 hukumar ta fara kimanta haraji ta hanyar lambar mota mai alamomi 17, tsarin da masana'antu suka fara bi daga 1981, wanda motocin shekarun 1960 ba su da shi. Cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 ya ƙara sa masu motar haya neman musanya manyan injuna da ƙanana.

Tsofaffin Fijo kuma suna raguwa. Idan kuɗin gyara ya fi abin da mota ke kawowa, akan kwance ta a sayar da sassan da ke da sauran amfani, ragowar ƙarfen kuma 'yan gwangwan su auna shi a kan sikeli su tura kamfanonin narka ƙarfe. Motocin da aka haɗa a Kaduna waɗanda suka tsira da injinsu da takardunsu na asali yawanci suna hannun iyalan tsofaffin ma'aikata da 'yan kasuwa da suka ajiye su don tunawa da mai su.

## Duba kuma

* Dillanci
* Peugeot 504
* Madatsar ruwa ta Tiga
* Dajin Falgore
* Kasuwar Ƙofar Ruwa